Miyar da Babu Mai

Gummi, daren Laraba, cikin Sha'aban 1437

Tun da likita ya ce maiƙo ya yi yawa a jinina, na hana mai shiga girkin gidan nan, na gyaɗa da na shanu. Tukunyarmu ɗaya ce, kowa yana cin abin da na ci, har jikata Rumasa'u da aka yaye bana.

Yau ni da uwarta muka kai ta awo asibiti, nauyinta bai ƙaru ba. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi cimarta, na faɗa da alfahari. Sai ta ce, "Haba Inna, ke anka hana, ba ita ba! Kowace ƙwayar halitta ta jikinta, da tantanin maiƙo Allah Ya naɗe ta. Ƙwaƙwalwarta ma mai take biɗa."

Uwar tata Hadiza, matar ɗana, ba ta ɗago kai ba. Ashe ta daɗe da lura, jin nauyina ya hana ta magana. Ya Rabbi, lafiya na nema, ko kuwa so nake a ce gidana ba a kwaɗayi?

Da magariba na zuba wa Rumasa'u man shanu a tuwo da hannuna. Ta ɗanɗana, ta ture kwanon. Ta saba da miyata.