Baƙar Rigar Habibu

Ruwais, Jidda

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya jikin Malam, da ciwon ƙafarki? Ina fata yara duk lafiya. Mu nan alhamdu lillahi.

Wata magana ce ta hana ni sukuni. Watan jiya kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, ya tafi da ni Ingila, sai na leƙa Habibunki a Okasfod, ban ko aika masa ba. Na tarar da shi a ƙofar makarantarsu da azahar, sanye da baƙar riga mai kamar alkyabba. Na ce, "Yalla, zo ka nuna wa kawunka gari."

Ya ce, "To, Kawu."

Muka hau wata tsohuwar hasumiya, muka shiga kasuwa na saya wa maiɗakina rigar sanyi, muka ci kifi da dankali. Yana ta duban agogo, ni kuwa ina zolayarsa wai ya zama Bature.

Jiya wasiƙar wani abokinsa ta iso. Ashe baƙar rigar nan ta shiga jarrabawa ce. Ƙarfe biyu da rabi ya kamata ya zauna, lokacin ina sa shi ya tambayo mini ko da man alade aka soya kifin. Yanzu sai baɗi.

Yaya, kada ki yi masa faɗa. Kunyar da kika koya masa ce ya yi mini. Ki gaida Malam, ki sa mu a addu'a, ki kuma yafe mini shekarar ɗanki.

Ƙaninki,
Sani