Farcen Inna Kulu bai jiƙa ba

Assalamu alaikum uwar wannan shafi, da ku masu karatu maza da mata. Ina gajiya, ina hidima, yaya iyali? Allah ya ba da ladan sauraron damuwar mutane. Ina roƙon a sakaya sunana, sunayen da zan ambata kuma duk na canza su. Don Allah kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe. In ma kun zage ni ba zan ji haushi ba, don maganar gaskiya kwanakin nan ba na jin komai. Ko tuwo na ci sai na tambayi maigidana ko akwai gishiri a miyar.

Ni mai ƙunshi ce a Talata Mafara, amma ba ƙunshin biki na hannu da ƙafa ba, wannan akwai waɗanda suka fi ni. Ni farce na riƙe. Asalinmu mutanen wajen Maradun ne. Da aka tare ruwa a Bakolori gonarmu na cikin waɗanda suka tafi, muka dawo nan, maigidana ya samu aikin kuku a gidan wani Bature cikin masu aikin dam. Ni kuwa zaman banza ya ishe ni, sai na fara wasa da lalle a farcen matan gidan da muke haya. Abin ba wuya. In ɗiga ƙaro da tsinken tsintsiya a inda nake so ya zauna fari, in bari ya bushe, in shafe farcen da lalle, mace ta zura hannu a zunguru ta yi ta hira. In an wanke sai ga ɗige-ɗige farare cikin ja. Akwai wanda nake barin gindin farce fari kamar jinjirin wata, akwai na baki kawai, akwai layi ɗaya miƙaƙƙe a tsakiya da mata suka sa wa suna kanal, don ya yi kama da magudanar da ke kai ruwan dam gonaki, akwai 'yan ƙanana a karkace da ake ce wa ƙwayar shinkafa. Ado ne na yau da gobe, mace ta zo da hantsi, kafin azahar ta koma kan tukunyarta.

To amma matan nan hannunsu ba ya fita daga ruwa. Tun da aka fara noman rani kowace mace ta zama mai shinkafa, daga jiƙawa sai turarawa sai shanya, ga wanki, ga wanke-wanke. Lalle a farce ba ya fita, amma yana dushewa ya koma kalar tsatsa, zanen ya dagule, sai su dawo suna yi mini mita kamar ni na haƙa kanal ɗin. Ana cikin haka matar Baturen nan ta tashi komawa ƙasarsu, ta bar kwalin tarkace, maigidana ya kwaso mini. A ciki na tsinci 'yar kwalba mai ɗan buroshi a jikin marfi. Na san jan farce, na kuma san abin da malamai suke faɗa a kansa, cewa yana hana ruwan alwala isa ga farce. Sai dai wannan ba ja ba ne, garau yake kamar ruwan sama. Na shafa a babban yatsana a kan lallen da ke wurin, ya bushe, ya ɗauki wani sheƙi da ban taɓa gani ba. Na ɗauko buta na ɗiga ruwa a kai, ruwan ya gangare kamar a jikin tangaran. Kafin la'asar na sa reza na kankare shi, sannan na yi alwala. Na faɗi wannan ne don kada wani mai tausayi ya ce ai ba ta sani ba.

Washegari na juye shi a tsohuwar kwalbar turare, na ce wa mata ƙaro ne na dafa da turare, sirrin kakata. Warinsa yana hawa kai, don haka duk lokacin da zan buɗe sai na zuba turaren wuta a kasko. Me ya sa na yi? Na sha tambayar kaina. Yunwa muke yi? A'a. Wani ya tilasta ni? Babu. Ina jin daɗi ne kawai in ga mace ta ɗaga hannu a rana tana juya shi tana murmushi, ni da tun tasowarmu daga gida babu abin da na taɓa ya yi kyau. Na ce sau ɗaya ne, na ce sai kwalbar ta ƙare. Kafin ta ƙare suna ya riga ya tafi. Ran kasuwa ɗakina cika yake yi, mata daga Bakura, daga Garbadu, har daga Faru, wai a kai su wajen mai lallen da ruwan kanal ba ya ci. In ya fara ɓarewa su ce ƙaron ya tsufa, su dawo a sabunta. Da kwalbar ta ƙare na shiga mota da ƙafata na je Gusau na bi kantuna har na samo irinta. Nan ne ba ni da abin cewa.

Wata rana wata mai bakin tsiya ta kama hannuna ta dubi farcena ta ce, "Ke wai mi ya sa naki ba ya walƙiya? Mu kin mai da mu amare, ke kina yawo da akaihwa kamar ta mai jima." Na ce, "Wanzami ai ba ya son jarfa." Aka kwashe da dariya, har da ni. Daga nan babu wadda ta sake tambaya.

Sai Inna Kulu. Maƙwabciyarmu ce tun a ƙauyenmu na da, ƙawar mahaifiyata Hajo, ita ta yi mini wankan jego na fari da uwata ba ta da rai. Lokacin da ruwa ya ci gonaki aka yi ta rigima, ɗanta namiji guda ɗaya ya fita tare da mutane bai dawo ba. Ta koma Bakura wajen 'yarta Rabi, tana turara shinkafa tana kawowa kasuwar Talata. In ta sayar sai ta biyo ta wajena ta huta, carbi a hannu, bakinta yana motsi ko da ana hira. Ni na fara tsokanarta, na ce Inna kawo hannun nan in gyara, ko Allah zai sa wani tsoho ya ƙyasa. Ta ce in bar ta da tsufanta. Sati na zagayowa ta miƙo hannun da kanta, ta ce ƙwayar shinkafa take so, tunda ita ce sana'arta. Na yi mata lallen, aka wanke, na ɗauko kwalba. Sai ta janye hannu.

Ta ce, "Tsaya ɗiyata. Abin ga, ruwa na ratsa shi?"

Na ce, "Ƙaro na, Inna."

Ta ce, "Na san ƙaro na kinka ce. Ni tambayata, in na yi alwala, ruwa na kai ga akaihwa? Ni ba ni wasa da salla, ke sani."

Na ce, "Awo Inna, shina kaiwa. In ba haka ba ni sa maki?"

Ta dube ni, ta ce, "To, ɗiyar Hajo ba ta yi mani ƙarya," ta ajiye hannun a kan cinyata. Na shafa. Na ma tuna na hura mata don ya bushe da wuri. Tun daga ranar ba ta fasa ba, damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo ta wuce, duk sanda ya fara ɓarewa sai ta ce in sabunta. Sau nawa na yi niyyar in ce mata ya ƙare? Sau nawa na ce yau zan shafa mata man gyaɗa kawai in ce sabon haɗi ne? Amma in ta zauna ga mata cike da ɗaki, kowa na kallo, ta yaya zan yi wa kowa in tsallake ta? In na tsallake ta me zan ce dalili? Haka nake ta lissafi har in ga na gama yatsa goma.

Kwanan baya Allah ya yi mata rasuwa. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ranar kasuwar da ta gabata ma ta zo na sabunta mata. Da sassafe aka aiko daga Bakura, na shiga mota na tafi. Ina isa Rabi ta rungume ni ta ce Inna ta bar wasiyya, ni ce zan zuba ruwa in za a yi mata wanka. Mai wankan wata dattijuwa ce ta unguwarsu, kowa Gwaggo yake ce mata. Muka shiga mu biyu, aka saki labule. Gwaggo ta fara yi mata alwala, ta ɗago hannun dama ta ce, "Zuba." Na zuba. Ina kallo ruwan ya bi tafin hannu, ya bi yatsu, ya zo kan farce ya tattaru ya gangare ya bar shi a bushe. Gwaggo idonta ya yi rauni, ba ta lura ba, sai ma ta shafa farcen da yatsa ta ce, "Allahu akbar, dubi hasken ga. Baiwar Allah, ko akaihunta sun shaida." Akwai reza a bakin zanena, kullum da ita nake yawo saboda sana'a. Abin da zan ce bai fi kalma kaɗan ba: Gwaggo dakata, akwai abin da za a kankare. Ina jin rezar a ƙuguna. Ta ce, "Zuba," na zuba wa na hagu. Aka gama, aka sa ta a likkafani, maza suka ɗauka.

Ban yi kuka ba. Mata suna ta cewa dubi ƙarfin halinta, ita da ta shiga wanka. Aka kawo fura na sha. Da azahar ta yi na yi alwala, ruwa ya jiƙa nawa farcen tsaf, na yi salla a ɗakin da aka fitar da ita. Na dawo gida na ci gaba da yi wa mata ƙunshi, da kwalbar, don ban san me zan ce musu ba in na daina. Kunya ina jin ta, amma daga nesa, kamar ana kiɗa a wata unguwa. Wannan rashin jin ma ya fi ba ni tsoro, in dai abin da nake ji tsoro ne.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne zuwan Rabi shekaranjiya. Ta zo yi mini bangajiya, muka gaisa, muka yi wa Inna addu'a, sai ta matso ta rage murya. Ta ce, "Yaya, bari in hwaɗa maki abin da ba kowa ya sani ba. Lokacin da yayana bai dawo ba, Inna ta bar salla. Ba ciwo ba, ba hauka ba, zuciya ta. Ta daɗe ƙwarai ba ta kai goshi ƙasa ba, mu munka ɓoye ma mutane. Da Allah ya sa ta dawo, malam yac ce sai ta rama duka. Shi ya sa kinka gan ta kullum bisa buzu, kowace salla sai ta haɗa da ta baya." Na tambaye ta yaushe Inna ta fara ramuwar. Ta ce ba ta mance ba, a watan da ta fara zuwa da ƙunshin farce gida ne, don har tsokanarta suka yi, wai tuba da kwalliya a lokaci guda. Sannan ta ce, "Kuma ta gama, Yaya. Kahin ta kwanta ciwo tac ce mani, Rabi, yau na sauke, ba sauran ko raka'a guda bisa kaina. Ban taɓa ganin ta da murna irin ta ranar ba." Rabi tana faɗa tana hawaye tana dariya. Ni ina zaune ina kallon bakinta. Da za ta tafi ta miƙo mini hannuwanta biyu ta ce in ta zo ran kasuwa in yi mata ƙwayar shinkafa irin ta Inna, da mai walƙiyar, tana so in ta ɗaga hannu za ta yi kabbara ta riƙa tuna ta. Na ce Allah ya kai mu.

Ni ba malama ba ce. Ban san hukuncin wanda aka yi wa ƙarya ya yi salla a kan ƙaryar ba, ban san ko Allah zai karɓa mata ya ɗora mini ba, in haka ne ma na yarda. Ban san hukuncin wankan ba. Malaman garin nan kuwa duk wanda na tambaya matarsa ko 'yarsa ta taɓa zama a ɗakina, kafin in rufe baki ya gane. In na yi shiru na fasa kwalbar, matan da ke raye ba za su san akwai abin da za su tambaya a kan sallolinsu ba. In na yi magana dole ta kai kunnen Rabi, in ƙwace mata abu ɗaya da take riƙe da shi, ta koma tana tunanin yadda uwarta ta shiga kabari, kuma ta san wa ya riƙe butar.

Ranar kasuwa ta kusa, za ta zo ta zauna ta ɗora hannunta a cinyata. Don girman Allah, masu ilimi da masu hankali, ku taimake ni. Me zan yi?