Titin Da Zai Bi Ta Ɗakina

Zuwa ga ƙanena Salfo,

Gaisuwa mai yawa daga Wagadugu, da fatan kana lafiya kai da Asetu da yara, Allah ya sa gonar koko ta yi albarka. Ni lafiya lau, ban da gwiwar nan da ka sani.

Salfo, shekara uku ke nan ina gadin ɗakin da ka gina a bayan gari. Ka ce in zauna don ranar da masu rabon filaye za su zo su tarar da mutum da toka a murhu, in ba haka ba filin ya tafi. Na zauna. Amma nan ba unguwarmu Dafoya ba ce, inda duk layin da ka bi zai fitar da kai ƙofar wani naka. A nan hanya takan tafi ta tafi, sai ta ƙare a jikin katangar wani. Kowa ya zo sai ya dasa bulo inda ya ga dama, hanyar da na bi zuwa famfo bara yanzu bayan gidan wani ce.

Aminiyata Pogbi ta zo daga cikin gari sau biyu. A na biyun ta yi ta yawo da kwanon tuwo a ka har ya huce, ta iso tana mita wai na auri aljani ya ɓoye ni. Da na ji tana kwance ban je ba, don an ce masu rabon suna tafe a makon. Ba su zo ba. Ita kuwa ta rasu, sai bayan kwana huɗu labari ya same ni. Abin yana cina har yau.

Shekaranjiya masu rabon suka zo. Sun ga toka, sun rubuta sunanmu, sannan suka shafa jan fenti a bangon. Babban cikinsu ya ce, "Iya, titi ne zai bi ta nan, miƙe har cikin gari." Wai za a ba mu wani filin can gaba, in an tarar da mutum a wurin.

Ka nemi wani mutumin, ƙanena, ni na gaji. Titin da na yi ta roƙo ya zo, zai kai har ƙofar Pogbi, amma ba wadda zan je wa.

Ka gaida Asetu, da Bukare, da takwarata.

Yayarka,
Rasmata