Minti Ɗaya a Bayan Gemun Tsoho

4 ga Disamba

Zuwa ga mijina Ilkka,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya aikin tashar jiragen ruwa? Yaya gwiwar nan taka da ba ta shiri da sanyi? In ka tambaye mu, muna nan yadda ka bar mu.

Na koma ga biro da takarda ne tunda ba ka ɗaukar waya. A wurin ƙanwarka na sami adireshin, kada ka ga laifinta, ni na matsa mata. Kotka dai! Ka yi ta tafiya kudu har sai da teku ta tare ka.

A nan arewa mai nisa rana ta yi mana sallama tun makon jiya, ta daina fitowa kamar kowane hunturu. Ruwa ya daskare da wuri bana, magangarar ruwan Gemun Tsoho ta zama ƙanƙara, ta sauko har ƙasa, shuɗiya ta hagu, ja-ja ta dama. Gara ka ji daga bakina: na koma kai baƙi 'yan yawon buɗe ido can. Pertti ne ya ɗauke ni aiki, shi ɗin dai da kuka shekara ashirin kuna ƙwacen baƙi a ƙofar otal. Ran da na je ya ce, "A'a, yau ga matar sarkin ƙanƙara a gidan maƙiyi! Ɗauki hular kwano, waccan mai tsaga, ita ce ta sabon shiga." Ya yi dariya, ni ma na yi. Bai ambaci sunanka ba. Ba mai ambata.

Aikin yana nan yadda ka san shi. In kwaso mutum takwas a mota, in ɗaura musu ƙarafan hana santsi a takalma, mu gangara kwazazzabo, su buɗe baki, su yi hotuna, in hura wuta a rumfa in gasa musu tsiran alade in dafa kofi. Abin da ya sauya shi ne igiyar da aka gitta taku talatin kafin ƙanƙarar. Nakan tsaya a jikin igiyar in ba ƙanƙara baya, in yi ta kallon mutane har su gama.

Mama Aune tana nan, ƙafa ce ta ƙara nauyi. Kowace safiya nakan shigar mata da itace in share mata ƙofa. Ba ta da yawan magana yanzu, ko da ma can mahaifiyarka ba mai surutu ba ce.

Mutanen gari kuwa kirkinsu ya ishe ni. Jiya matar mai shago ta ƙara mini baƙin burodi guda a kan wanda na saya, ta riƙe hannuna ta ce, "Sannu Marjut, ke dai kin ga jarrabawa. Namiji da taurin kai, ya ja wa kansa ya ja miki." Na karɓi burodin na yi godiya. Ilkka, godiya na yi.

Ban ce ka dawo ba. Layi biyu ma sun ishe ni, in dai san kana cin abinci mai zafi.

Ka huta lafiya.
Matarka,
Marjut


9 ga Fabrairu

Ilkka nawa,

Ina gaishe ka, ina kuma fata kana lafiya, sanyin bakin teku bai takura maka ba. Ban ga amsa ba, amma takardar ba ta dawo ba, don haka na ɗauka ta isa hannunka.

Wani abu ya taso. Saƙo ya zo wa Pertti daga ƙasar Girka, daga wata mata mai suna Fotini. Mahaifiyar Lefteris ce, saurayin da ƙanƙara ta faɗo wa bara. Tana so a kai ta wurin ranar sha huɗu ga Maris, ranar da zai cika shekara da rasuwa. Kuma ni ta ambata. Ta ce ba ta son ganin mijin, matar take so, wadda aka ce ta riƙe kan ɗanta a cinya har jirgin ceto ya zo.

Pertti ya kira ni gefe, ya yi ta murza hularsa. Ya ce, "Ba dole ba ne, kin ji. Sai in ce mata mura ta kwantar da ke, ni in kai ta. Ai tsofaffin mata suna sona." Na ce ni zan kai ta.

Tun ranar ban sami natsuwa ba. Ban taɓa faɗin abin nan da bakina ba, ko a gabanka, to bari in rubuta shi ko sau ɗaya.

Ran nan da safe ka ɗora tafin hannu a jikin ƙanƙarar ka ji tana zufa, ka ce mini, "Yau ko kare kada ya shiga bayanta." Ka wuce gaba da mutum bakwai za ka hura wuta a rumfa. Ni na tsaya baya da Lefteris saboda ƙarfen takalminsa ya kwance. Sai ya hango kogon nan na bayan labulen ƙanƙara, wanda hotonsa ke jikin motarmu. Ya haɗa hannuwa yana roƙona kamar yaro a gaban mai alewa, wai uwarsa ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta firji. Ya ba ni dariya. Na ce masa, "Minti ɗaya." Ni na faɗa, ba wanda ya ji sai shi.

Da 'yan sanda suka zo, ina zaune hannuwana duk jini, na ji kana gaya musu kai ka duba da safe, kai ka ce mini ba komai, a bar mutane su shiga. Na ɗaga kai, ka dube ni, na sunkuyar. A kotu ma na sake sunkuyarwa. Aka yi maka ɗaurin je-ka-gyara-halinka, jaridu suka buga hotonka, otal-otal suka daina kiranka. Ni kuwa aka yi ta yi mini sannu.

Na san don ni ka yi. Abin da ban sani ba a da, ashe mutum yana iya ɗaukar wa wani kaya sannan ya kasa haɗa ido da shi. Wata biyar muka yi a gida ɗaya bayan shari'a kana cin abinci a tsaye, ba ka shiga sauna, ɗakin wankan tururinmu, sai na fito. Ba ka taɓa ce mini ke kika jawo ba. Da ka faɗa, da wataƙila mun yi rigima mun huce.

Me zan ce wa matar nan, Ilkka? Kai ne kullum ka san abin da ake gaya wa baƙi in hanya ta yi wuya. Ka gaya mini.

Allah ya kiyaye ka.
Taka,
Marjut


15 ga Maris

Mijina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina sanar da kai jiya na kai ta.

Gajeruwar mace ce, shekara sittin da takwas, tela ce kafin idonta ya yi rauni. Ita kaɗai ta zo, jirgi uku ta hau. Rigar sanyin da ke jikinta ta aro ce, hannuwan sun rufe mata yatsu. Ta rungumo wata jaka, na ce ta kawo in riƙe, ta ƙi. Da na durƙusa ina ɗaura mata ƙarafan takalmi sai na ji ta ɗora hannu a kaina.

Gari ya yi garau, sanyi ashirin ƙasa da sifili. Gangaren da muke yi cikin minti arba'in, sai da muka ci awa biyu. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Da muka isa igiya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Nan ne?" Na ce nan ne. Ta ce, "Yana da kyau." Yadda ta faɗe shi sai ka ce zagi.

Sai ta buɗe jakar. Ashe dafaffiyar alkama ce da sukari da 'ya'yan rumman, tun daga gida ta dafo. A wurinsu haka ake yi wa mamaci in ya cika shekara, duk wanda ya ci sai ya roƙa masa gafara. Ta zuba a kofin takarda ta miƙo mini, ta ce, "Ci, 'yata. Ke kika riƙe masa kai."

Ka yi haƙuri, Ilkka. Na gaya mata.

Turancinta kaɗan ne, nawa kuma ya gudu, sai da na maimaita sau uku ina nuna ƙirjina. Ni na bar shi ya shiga. Mijina ya hana, ni na bari. Da ta gane, sai ta zauna a kan dusar ƙanƙara, haka nan kawai, kamar an zare mata ƙashi. Ta ce, "Mijinki fa?" Na ce ƙarya ya yi don ya kare ni.

Na fara jin tsoron sanyi zai kama ta a zaunen nan. Can ta ce, "Kowace safiya kafin in sha kofi sai na tsine wa mijinki. Da ƙyar ma na koyi faɗin sunansa. Yanzu kin zo kin ce in farke in sake ɗinki? Ba ni da sauran zare." Ta dube ni ta ce, "Don wa kika gaya mini? Don ni, ko don ki sami barci?"

Har yanzu tambayar nan tana kunnena.

Daga baya ta tambaya, "Da zai shiga, yana dariya?" Na ce yana dariya, har yana ɗago mini hannu. Ta gyaɗa kai ta ce haka yake tun yana ƙarami, ba mai iya ce masa a'a. Na ɗauka wata ƙofa ce ta buɗe, har na matso. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce, "Kada ki zaci na yafe. Ban zo da wannan a jaka ba. Amma ki ci, alkamar ba taki ba ce, tasa ce."

Na ci. Ta riga ta daskare, tana ƙara a haƙora. Na haɗiye duka.

A hawowa dole ta jingina da ni, ba wata dabara. Tun daga ƙasa har mota hannunta yana cikin nawa, ina jin numfashinta a kafaɗata. A bakin mota ta kwance ƙarafan da kanta, ta miƙo mini, da muka isa ƙofar otal ta shige. Ba ta waiwayo ba.

Ina so in je wurin 'yan sanda in faɗi yadda aka yi. Amma sunanka ne a takardun, ba zan taɓa shi ba sai ka yarda. Don Allah wannan karon ka amsa.

Ina gaida ka ƙwarai.
Marjut


21 ga Afrilu

Ilkka,

Ina gaisuwa, ina fata kana cikin lafiya. Takardarka ta iso, a tsaye na karanta ta a gaban akwatin wasiƙu. Na ga rubutun hannunka bai sauya ba.

Ka ce kada in je. Ka ce in na je, shekarar da ka yi ta tashi a banza, kuma ita kaɗai ta rage maka. Ka ce in riƙe gidan, kada kuma in ƙara rubutowa. Na ji. Ba zan je ba. Zan ci gaba da karɓar sannun mutane, tunda haka ka zaɓar mini, kuma ba ni da bakin cewa ya yi nauyi. Wannan ce takarda ta ƙarshe, ita ma don abu ɗaya na saɓa maka.

Na ga ko ba a gaya wa kowa ba, bai kamata Mama ta mutu tana ganin ɗanta ya kashe ɗan mutane da ganganci ba. Shekaranjiya na shiga da itace na same ta tana saƙa safa a bakin taga. Na tsaya da itacen a hannu na faɗa mata komai. Ko saƙar ba ta tsayar ba.

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Mama, wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ni na haife shi. Ubansa ya koya masa halin ƙanƙara tun bai kai tsawon teburin nan ba. Ran da aka karanta maganarsa a kotu na san ƙarya ce, na kuma san don wa aka yi ta."

Na tambaye ta me ya sa ta yi shiru duk tsawon lokacin nan, ina shiga ina fita a gidanta. Ta ce, "Shi ya zaɓi nasa, ba ni da ta cewa. Ke nake jira. Kin san na bar zuwa coci, ana cewa kunyar ɗana nake ji. Na bari ne don ba zan iya zama a bencin bayanki ina kallon mata suna shafa miki baya ba."

Sannan ta ce in ajiye itacen, ta gode da wahala, daga gobe maƙwabcinta zai riƙa shigo mata da shi. Ba ta ɗaga murya ba. Na jera itacen a gefen murhu yadda take so, na fito na ja mata ƙofa.

An rufe hanyar kwazazzabo tun makon jiya, ƙanƙara ta fara zubowa. Na mayar wa Pertti hularsa, na ce kada ya sa ni a lissafin baɗi. Ya ce in bari kaka ta yi mu gani. Ba abin da za a gani.

Ka kira mahaifiyarka ranar Lahadi, bayan ta sha kofin rana. Kana guje wa muryarta ne don kana zaton tana jin kunyarka. Ba ta taɓa zarginka ba, ko na yini ɗaya. Ya kamata ka san wannan. Shi kaɗai ne abin alherin da ya rage a hannuna da zan iya aiko maka.

Ka kula da gwiwarka. Allah ya ba ka lafiya da nisan kwana.

Wadda har yanzu matarka ce a takarda,
Marjut