Motar da Yaya Muntaka ke Haɗa Mini

Litinin, 3 ga Yuli, 2023

Yau aka kawo babur ɗina daga Sabon Birni, a bayan motar gero. Ban ganshi ba tun ranar da 'yan bindiga suka tare mu kusa da Gatawa. Gaba ya lanƙwashe, kujera ta ƙone, tanki ya huje. Yaya Muntaka ya zagaya shi, ya duƙa, ya ɗago yana murmushi. Wai inji lafiya lau.

Na ce to, shi ya fi ni sa'a.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Hafizu, za ni haɗa maka 'yar mota da injin nan. Taya huɗu, kujera ƙasa-ƙasa, komi da hannu." Ya gani a wayar wani. Yaya mai walda ne, ƙofofi da tagogi ya sani, bai taɓa kwance inji ba. Na juya fuska bango.

Alhamis, 6 ga Yuli

Likitan Sakkwato ya ce harsashin ya taɓa lakka, ƙafafu sai dai wani ikon Allah. Ina maimaita ma kaina ko za ni saba.

Asabar, 15 ga Yuli

Tun da aka sallamo ni muke nan garin Isa gidan Yaya, ni da matata Sa'adiyya. Ita ke juya ni, ita ke wanke ni. Bayi kuwa sai an jira Yaya ya dawo ya ɗauke ni a baya. Ni da nike kabu-kabu, in ɗauko mutum biyu da buhu a babur daga Burkusuma ban ji komi ba.

Ya yanka tsohon gadon ƙarfe ya yi gindin motar da shi. Tayoyin baro a gaba. A tsakar gida yake aikin, gaban tabarmata, da gangan na sani. Yana yi yana tambaya: "Nan ya yi? Ko in ƙara tsawo?" Nikan ce ban sani ba.

Laraba, 19 ga Yuli

An yi ruwa mai yawa. Gonarmu ta Sabon Birni ba wanda ya shuka bana. Inna ta aiko da daddawa da saƙo, wai in ci abinci, in daina sa yarinyar mutane kuka. Wa ya faɗa mata?

Juma'a, 28 ga Yuli

Kowa ya tafi masallaci. Ina jin huɗuba daga nesa, iska na kawo rabi tana tafiya da rabi. Na yi azahar a kwance.

Da Yaya ya dawo ya ce, "Kafin a yanke gero da kanka za ka je." Na ce Yaya don Allah ka bari. Ka koma ma ƙofofin mutane, yanzu kowa ƙofar ƙarfe yake nema, kai kana nan kana wasa. Ya ce ba wasa yake ba. Na ce to me za a ce in an gan ni cikin wannan abu, kamar motar gwangwani ta yara? Ya ɗauki guduma ya ci gaba.

Lahadi, 6 ga Agusta

Ya ɗora injin bayan kujera. Ya sa shi a karkace, tun daga nan ina gani. Sarƙar ba ta miƙe da haƙoranta ba, za ta riƙa faɗuwa. Na bar shi ya ci gaba.

Giya da ƙafa ake sa ta. Birki da ƙafa. Kik na tada inji ma taka shi ake yi. Babur duka ashe don mai ƙafa aka yi shi, shekara goma ina kai ban taɓa lura ba.

Talata, 8 ga Agusta

Sarƙa ta faɗi, ta datse mishi yatsa. Sa'adiyya ta ɗaure mishi da tsumma. Da ya fita ta ce mini, "Kai ka san abin nan. Baki ma ciwo yake maka?" Ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Na ce ta fita. Ta fita, kuma can na buƙaci a juya ni, dole na kira ta.

Asabar, 19 ga Agusta

Ban san ta inda za ni fara ba.

Bayan la'asar Yaya ya zuba mai, ya taka kik. Bai sa salansa mai rage ƙara ba, tsohuwar ta ƙone. Injin ya tashi da wata irin ƙara, ya riƙa fashewa tas, tas, kamar harbi.

Unguwa ta yamutse. Na ji mata na ihu, "Sun shigo! Sun shigo!" Ƙofofi na bugawa, ana ta kiran sunayen yara. Wasu sun haura katanga, wasu sun bar tukunya a wuta.

Ni kuwa ina kallon injin da idona. Na san nawa ne, na san Yaya ne tsaye a kai. Amma jikina bai yarda ba. Na ji ni kwance kan titin Gatawa, bakina cike da ƙasa, babura na zagaye ni. Na yi ta jan jiki da gwiwar hannu, ban san ina za ni ba. Sa'adiyya ta faɗo kaina ta rufe ni da jikinta tana cewa, "Na Yaya ne, na Yaya ne." Na jiƙa wandona. Na rubuta don ya faru.

'Yan sa-kai suka shigo da bindigogi. Da suka ga abin da ke nan, ɗayansu ya ɗaga hannu zai mari Yaya, sai ya hango ni a ƙasa, ya sauke.

Litinin, 21 ga Agusta

Tsohuwa Hajo, matar maƙwabcinmu Malam Wada, ta karye a hannu wajen gudu. Yaya ya je ba da haƙuri, ya kai ta wurin mai ɗori. Mai unguwa ya ce kada a sake tada injin nan cikin gari.

Yaya ya rufe motar da tamfol. Bai ci tuwo ba. Ya zo ya zauna bakin tabarmata ya ce, "Ka yi haƙuri, Hafizu. Na zaci taimakonka nike."

Alhamis, 24 ga Agusta

Shiru. Ba guduma, ba walda. Abin da na roƙa ke nan.

Alhamis, 31 ga Agusta

Wani mai noman rani ya zo ganin injin, zai maida shi na jan ruwa. Ya ɗaga tamfol, ya ƙwanƙwasa da takalmi. Da takalmi! Yaya ya ce ya dawo ran kasuwa.

Da rana, da gida ya yi shiru, na ce ma Sa'adiyya ta jawo tabarmata kusa da injin, wai can ya fi inuwa. Ta ja. Ta kuma ajiye akwatin sifanan Yaya inda hannuna zai kai, ta shige ɗaki.

Fulogi ya yi baƙi ƙirin. Shi ya sa yake fashewa. Na goge shi kawai, don kada a saida ma mutum abu haka.

Juma'a, 8 ga Satumba

Na faɗa ma Yaya zancen sarƙa. Ya tsaya yana kallona. "Tun yaushe ka gani?" Na ce tun ranar farko. Ya ce, "Allah ya shirye ka," ya ɗauko abin yanka.

Ya samo salansa ta tsohon janareto, na ce ya haɗa da wata a bayanta. Kik ya yi mishi dogon hannu na ƙarfe, giya ma haka. Birkin har yanzu bai gamsar da ni ba. Mai noman rani ya dawo, Yaya ya ce mishi an fasa.

Malam Wada da kanshi ya raka Yaya wurin mai unguwa. Sharaɗi: da rana kawai, kuma a bi gida-gida a faɗa kafin a tada. Kunya ta kama ni. Hannun matarshi na rataye, shi ya je roƙo domina.

Laraba, 13 ga Satumba

Da hantsi Yaya ya ɗora ni a kujera ya ɗaure mini ƙugu da ɗamara. Na ja hannun kik. Inji ya tashi, a hankali, kamar keken ɗinki. Na jira tsoron nan na titin Gatawa ya dawo. Ya zo, amma bai kada ni ba.

Na fita ƙofa. Na bi lungu, Yaya na gudu a baya yana "Sannu-sannu!" Ban kai ko'ina ba. Bakin kwalbati tayar baro ta nutse cikin laka, inji ya mutu. Mutane suka taru, wasu na dariya. Ga ni zaune, ba gaba ba baya, sai an ciro ni. Daidai abin da na ji tsoro.

Sai ga Hajo da hannunta a ɗaure, ɗayan riƙe da kwando. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan kabu-kabu, kai ka karya ni, kai za ka kai ni kasuwa."

Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce, "Inna, wace ƙofa za ki sauka?"

Aka kwashe da dariya. Ina jin har da ni, ban tabbata ba.

Turo ni aka yi zuwa gida. Ƙafafu na nan yadda suke, an jima ma Yaya zai ɗauke ni a baya. Ba wani abu ya sake ba. Tayoyin baron nan dai ba za su yi ba, sai an nemo masu faɗi. Kuma na ce ma Yaya gefen kujera akwai wuri, in ya ƙara katako guda mutum zai iya zama.