Kwamfutar Ɗakin Gwaji Da Aka Sayar Wa Baban Bola

Dakta Salisu Yelwa,
Shugaban Ɗakin Gwaji,
Cibiyar Auna Ƙasar Noma, Abuja.
7 ga Afrilu, 2008.

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta.

Ranka ya daɗe,

Game da: Gwanjon kwamfutar ɗakin gwaji da dakatar da Malam Zacharias

Bayan gaisuwa ta ladabi. A ranar 3 ga Maris, Mataimakin Darakta mai kula da kayan aiki, Alhaji Abdulmajeed, ya sanar cewa Cibiyarmu ta shiga sabon ƙarni, kuma babu tsohon abin da zai sake kwana a cikinta. Ina shaida cewa ya cika alkawari.

1. Na'urar da muke auna ƙasar manoma da ita ba ta aiki sai da kwamfuta guda, wata tafi-da-gidanka ƙirar 1996. Ta mutu bara. Injiniyanmu, Malam Zacharias, ya yi wata huɗu a kanta. Ya nemo mata fuska a jikin wata matacciya irinta, ya sauya batir, ya bi wayoyinta da dalma ɗaya bayan ɗaya har ta tashi. Murfinta ne kawai ya ƙi tsayawa, sai ya ɗaure shi da jan salatif.

2. Jan salatif kuma, kamar yadda na sani daga baya, shi kwamitin Alhaji ke liƙa wa kayan da aka yanke wa hukunci. Ranar 12 ga Maris, muna Abaji ɗibar ƙasa, suka shiga, suka ga ja, suka ɗauke. Tana kunne. Sai da suka kashe ta tukuna. Washegari baban bola ya saye ta tare da kujeru uku.

3. An ba mu sabuwa, baƙa, mai sheƙi. Wayar na'urarmu haƙora tara gare ta, sabuwar ba ta da kafar da za su shiga. Amma tana buga waƙa.

4. Ƙunshin ƙasa ɗari biyu da sha ɗaya na manoman Abaji da Orozo na jibge, ga damina ta fara.

5. Ranar 31 ga Maris aka dakatar da Malam Zacharias saboda na'urar ta daina aiki a hannunsa. Alhaji ne ya sa hannu.

Don haka ina roƙo a mayar da Malam Zacharias bakin aikinsa. Ba na neman a kori Alhaji. A kawo shi ɗakin gwaji ranar Litinin da manoma ke zuwa, a ba shi kujera, a miƙa masa wayar nan da sabuwar kwamfutarsa, ya haɗa su a gabansu. Kada a tashe shi sai ya haɗa. Zan kawo masa ruwa.

Shi dai Malam Zacharias ya ajiye makullin ofis, kuma tun ranar kullum yana kasuwar Panteka da buhu a kafaɗa, yana juya tarin ƙarafa, yana neman jan salatif.

Ina jiran umarninka cikin girmamawa. Allah ya ƙara wa Ranka ya daɗe lafiya.

Naka mai biyayya,
Dakta Salisu Yelwa.