Na Saki Sandar, Hussaina

Zuwa ga 'yar'uwata, abokiyar haihuwata, Hussaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ce Hassanarki, daga Abuja inda kika bar ni. Na san babu mai kai takarda inda kike, shi ya sa na ɗora wannan a shafina, wanda ya karanta ya sa ki a addu'a. Inna tana nan da sauƙi, ƙafar ce dai ba ta bar ta ba. Har yanzu in ta buɗe baki za ta kira ni, sunanki ne ke fara fitowa, sai ta gyara. Na ce mata ta daina gyarawa, zan amsa duka biyun.

Labarin wurin aiki na zo ba ki, don ban san wanda zan ba shi ya gane kamar ke ba. Amma sai na fara tuna miki da eriyar gidanmu na Garki.

Kin tuna sandar nan ta ƙarfe da marigayi Baba ya kafa a bayan tagar falo, wadda iska kaɗan ke juyawa? Da yamma in za a fara wasan kwaikwayo, talabijin ta cika da yashi, sai Baba ya ce tagwaye su je su gyara. Ni ce kullum a waje riƙe da sanda, ke ce kullum a ciki gaban akwati. Ta taga nake jin muryarki: “Ƙara. Ƙara kaɗan. Koma. Ya yi.” Ina sakin sandar hoton ya tafi, sai ki ce, “Kar ki saki.” Haka nake tsayuwa sauro na cin ƙafata har a gama, ki fito kina ba ni labarin abin da aka yi, da ƙarin gishirinki. Na taɓa cewa mu yi canji, kika ce ai ni ce babba, hannuna ya fi albarka. Wayo kika yi mini, kuma na sani tun a lokacin.

Da na girma na karanta kimiyyar fiziya, na sami aiki a ɗakin bincike ta wajen Gwagwalada, sai ga shi na sake komawa riƙon sanda. Ke kin san injin, amma bari in faɗa saboda masu leƙo wannan wasiƙa. Kowane abu a duniya yana ɗauke da wasu 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, ana ce musu ilektoron, kuma yawancinsu bibbiyu suke zama. Injinmu ba ya jin na bibbiyu. Wanda ya rasa abokin zamansa kaɗai yake ji, kuma irin waɗannan sukan yawaita inda abu ya ƙone ko ya fara lalacewa. Ran da na yi miki wannan bayani kin yi dariya har da riƙe ciki, kika ce, “Wato duk karatun nan gwauraye kike farauta.”

Zuciyar injin wani zobe ne na jan ƙarfe mai tsaga a gefe, rezoneta muke ce masa, ke kuwa gwangwanin madara kika sa masa, kuma sunan ya bi shi. Yana zaune tsakiyar wani ƙaton maganaɗisu. A cikinsa ake sa abin da za a auna, a tura masa igiyoyin rediyo. In saitinsa ya yi daidai, sai ya shanye duk abin da aka tura, babu abin da ke dawowa, layin da ke kan allon kwamfuta ya lotsa har ƙasa. Wannan ma bai tsira daga bakinki ba. Kika ce ba ki taɓa ganin aikin da sai an yi sallama an ji shiru ake murna ba.

Matsalar ita ce saitin ba ya zama. Da an sa abu mai ruwa a cikin gwangwanin, ya goce. Ni kuwa doya nake aunawa, ta manoman Paikon Kore, ina neman ɗaukar hoton inda ruɓa ke farawa daga ciki tun ba ta nuna a bawo ba. Doya abu ne mai rai, tana numfashi, tana tsotsewa, saitin yana tafiya tare da ita. Dole mutum ɗaya ya durƙusa gindin maganaɗisu yana murɗa wani ɗan noti da sandar roba, ɗayan kuma yana can nesa bayan katanga gaban kwamfuta, don ba a kusantar da ita da maganaɗisun. Hannun mai murɗawar ma yana taɓa saitin, yana janyewa layin ya tashi.

Da farko mu biyu ne a ɗakin. Da abokin aikina ya sami tafiya waje bai dawo ba, ba a kawo kowa a madadinsa ba. Na yi miki ƙorafi a waya, ban roƙe ki komai ba. Asabar ɗin da ta biyo baya sai ga ki kin rufe shagon ɗinkinki, kin hawo motar haya tun daga Garki, da kular ɗanwake a hannu. Kika ja kujerar roba kika zauna gaban allon kamar gadonki ne, kika ce in nuna miki layin da ake so ya faɗi. Na koma gindin injin na kama sandar, sai na ji daga bayan katanga: “Ƙara. Koma. Ya yi. Kar ki saki.” Sai da na dafa ƙarfen injin don dariya. Da girmanmu da komai, har yanzu ni ce a waje.

Asabar ta zama tamu. Kina zaune kina ɗinka maɓalli a rigar mutane, ido ɗaya a kan allo, kina ba ni labarin kwastomominki masu son a ɗinka musu kaya jiya. Baba Danladi, dattijon da ke kawo mini doya daga Paikon Kore, ya daɗe bai iya rarrabe mu ba. In ya shigo sai ya tsaya yana kallonmu, ya ce da irin Hausarsa, “To wanne ne madam, wanne ne ɗan'uwansa?” Ke kuma kullum ki ɗaga hannu ki ce ke ce madam.

Zazzaɓi ne kawai, Hussaina. Har yau abin da na kasa haɗiyewa ke nan. Kin ce mini in daina zarya asibiti, in je in kula da gwauraye na, Asabar mai zuwa kina nan tafe. Ba ki zo ba.

Bayan an share makoki na koma aiki. Ɗakin yana nan yadda yake, da ƙugin injin sanyaya wuri, da kujerarki, da wani ɗan zare shuɗi da ya maƙale a ƙafarta. Ban zauna a kanta ba, ban kuma bari an ɗauke ta ba. Sai in murɗa notin, in tashi in zagaya katanga in leƙa allo a tsaye, in dawo in sake murɗawa. Kafin in gama zagayen doyar ta canza, saitin ya tafi. Wani lokaci in murɗa in tsaya ina saurare, sai daga baya in tuna babu mai magana. Na ji kaɗaici a ɗakin nan irin wanda ban san akwai shi ba. A garin nan kuma duk wanda ya ji sunana, daga mai gadi har mai sayar da lemo a bakin titi, tambayarsa ɗaya ce, ina Hussainar. Sunana da kansa yana neman ki.

Oga, shugaban wurin aikinmu, ya haƙura da ni na wani lokaci, Allah ya saka masa. Wata rana ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Madam Hassana, ba mutum da za mu ba ka. In ba ka iya yi shi kai kaɗai, za mu rufe injin, ka koma ofis.” Har yanzu kai yake ce mini, kin san Hausarsa. Ofis ɗin a cikin gari yake, aikin takardu, da sanyi da kujera mai juyawa. Inna ta ce in karɓa in huta. Amma in aka lulluɓe injin da tamfol aka kulle ɗakin, aikin doyar ya mutu, kuma an kulle wuri na ƙarshe da na ji muryarki da lafiyarki. Na roƙe shi ya ba ni zuwa ƙarshen damina.

Abin da na sa a gaba shi ne in ƙera gwangwanin da zai saita kansa. A maimakon notin, na liƙa wasu 'yan mitsitsin na'urori a bakin tsagar, waɗanda in an ƙara musu wuta ko an rage, saitin ya matsa. Kwamfuta ce za ta riƙa kallon abin da ke dawowa, tana ƙarawa tana ragewa da kanta, ba tare da hannun kowa ya kusanci wurin ba. A baki abu ne mai sauƙi. Na yi ta zarya Idu wurin masu yankan ƙarfe, su yanka mini zobe, in dawo in gwada, ya ƙi. Wani tsagarsa ta yi faɗi, wani ya yi kauri. Da na dace da zoben, sai wayoyin da na ja suka riƙa kwaso hayaniya suna rufe ɗan abin da nake son ji, kamar mai neman jin raɗa a tashar mota. Na sake musu hanya, na naɗe su, na ƙona yatsuna da dalma har na daina ji. Akwai ranar da ya kusa kamawa aka ɗauke wuta, na zauna a ƙasa na yi kuka, ba na wutar ba.

A cikin umarnin da na rubuta wa kwamfutar akwai wurin da ake sa abin da za ta nuna in saiti ya kama. Turanci ake sawa. Ni dai na rubuta kalmomi biyu na Hausa, ban yi shawara da kowa ba.

Makon jiya aka yi gwajin. Oga ya zo, Baba Danladi ma ya zo da sabuwar doya, ya ce yana so ya ga ƙarshen abin. Na fara da ɗan gawayi, don shi cike yake da gwaurayenki, ba ya ba da wahala. Sannan na yanka doyar na sa a gwangwani. Jikina ya kai ni gindin maganaɗisu na durƙusa kamar kullum, na miƙa hannu, sai na ga babu abin kamawa. Sandar robar tana can kan tebur. Oga ya ce in zo in kunna mana mu gani, ya jawo kujerar da ke kusa ya tura mini. Taki ce. Bai sani ba. Na zauna.

Layin ya yi rawa, ya gangara, ya wuce, ya dawo da baya kaɗan, ya lotsa har ƙasa ya tsaya. A ƙasan allon rubutu ya fito: Ya yi. Muka zuba ido. Doyar tana tsotsewa, layin yana so ya tashi, abin yana mayar da shi da kansa. A hankali hoton ya fara haɗuwa, ga da'irar doyar, ga wani ɗan tabo a gefe guda inda bawon lafiya lau yake. Baba Danladi ya karɓi wuƙa ya tsaga wurin, ya shinshina, ya gyaɗa kai. Oga ya ce injin ya zauna, ba mai rufe shi, har yana maganar a rubuta a aika wa mujalla. Ya tambaye ni me ya sa na sa Hausa a allon. Na ce masa haka muka saba faɗa a gidanmu.

Da suka fita na daɗe a kujerar. Ashe haka ake gani daga nan, Hussaina. Daga wurin zamanki ana hango gindin maganaɗisun ta ɗan gilashin da ke jikin katangar, daidai inda nake durƙusawa. Ni ban taɓa lura ba, don a tsaye nake leƙa allon in juya. Wato duk Asabar ɗin nan kina kallona ina fama, gyale ya zame, baki a murguɗe, kina ta jan “ƙara kaɗan” ɗinki. Yanzu ban san sau nawa layin ya riga ya faɗi kika bar ni a durƙushe don ki sha dariya ba. Na yafe miki, har da na eriya.

Na ci nasara, kowa yana taya ni murna, Inna har ta yi sadakar ƙosai. Ni kuwa na san abin da na ƙera. Na ƙera abin da ba ya bukatar mutum na biyu, kuma da kina nan da ban taɓa tunanin yin sa ba. Da a ce zaɓi aka ba ni, da na zaɓi notin da sandar roba da ciwon gwiwa har tsufana.

Tun muna yara kike ce mini kar in saki, ban kuma taɓa saɓa miki ba. To na saki sandar, 'yar'uwata, hoton bai tafi ba. Ni ce a ciki yau, a gaban allo, ina ganin komai tar, sai dai babu wanda zan fita in ba labari.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi. Allah ya sada ki da Baba cikin rahamarsa, ya ba Inna haƙuri da lafiya. Ni kuma ya ba ni ikon zama ni kaɗai har lokacina ya yi, ya sake haɗa mu bibbiyu kamar yadda ya kawo mu. Amin.

Taki har kullum,
Hassana